Mujallar waƙa ta ce in ɗauko mata hoton mawaƙa, in karɓa ko in jira sai na sayi babbar kyamara?

"Assalamu alaikum oga, da fatan an wuni lafiya. Ni sabon shiga ne a harkar hoto, shekarata ɗaya da rabi ina ɗauka. Wata ƙaramar mujallar waƙa, irin masu rubutu a kan mawaƙan da ba sa ƙarƙashin manyan kamfanoni, ta ga hotunana a Instagram, sai editan ya ce in je wasan wata ƙungiya mai mutum biyar in ɗauko hotunan wasan, kuma in yi musu hoto na musamman wanda ƙila ya hau bangon mujallar. Matsalar ita ce sau biyu ina gwada ɗaukar hoto a irin wajen nan, duk suka fito jajawur kuma dishi-dishi. Kyamarata ƙarama ce, da gilashin da aka sayar min da ita 18-55. Kuɗin da za su biya ma bai taka kara ya karya ba, sun dai ce za su sa sunana. Dan Allah in karɓa ko in haƙura sai na sayi babbar kyamara?"

Wa alaikumus salam ƙanina. In na fahimce ka, tambaya uku ka dunƙule wuri ɗaya, me ya sa hotunanka na wasa suke lalacewa, yaya ake tsayar da mutum biyar a gaban kyamara ba tare da sun yi kama da waɗanda aka kama ba, sannan ko aikin ya cancanci wahalar tunda kuɗin kaɗan ne. Amsata a gajarce ita ce ka karɓa, kuma kar ka sayi sabuwar kyamara saboda wannan aikin. Amma dole in faɗa maka dalili, don in ka tafi da "oga ya ce in karɓa" kawai, jajayen hotunan nan dai za ka sake dawowa da su.

Fara da gane irin mujallar da ta ɗauke ka. Ƙaramar mujallar waƙa ba ta da kuɗin babbar jarida, ba ta da sitidiyo, yawanci mutum uku ko huɗu ne suke yin komai, edita shi ne mai tsara shafi shi ne mai neman talla. Abin da take da shi wanda manya ba su da shi shi ne kusanci da mawaƙan, tana rubutu a kansu tun ba kowa ya san su ba, su kuma suna barinta ta shiga inda ba a barin kowa. To hoton da take nema ke nan, hoton da mai karatu zai kalla ya ji kamar yana cikin ɗakin. Ba ta neman hoto tas-tas irin na tallar waya. A watan Satumba na 1979 wata mai hoto, Pennie Smith, ta ɗauki Paul Simonon na ƙungiyar The Clash yana buga jitarsa da ƙasa a ɗakin wasa na Palladium a New York, hoton bai ma yi fokos sosai ba, ita da kanta ba ta so a yi amfani da shi ba saboda haka, amma shi aka sa a bangon faifansu da ya fito ƙarshen shekarar, kuma har yau in ana lissafin hotunan waƙa sai an ambace shi. Ba wai ina cewa ka je ka ɗauko dishi-dishi ka ce salo ne ba fa, a'a. Ita tana wajen ne a daidai lokacin, kuma yatsanta yana kan maɓalli.

Me ya sa hotonka yake dishi-dishi

Gilashinka ne ya fi kyamarar laifi. Wannan 18-55 ɗin da ake haɗowa da kyamara, in kana kan 18 ƙofar haskensa tana buɗewa har f/3.5 (iya ƙanƙantar lambar f iya faɗin ƙofar), amma da ka ja shi zuwa 55 don ka kusanto da fuskar mawaƙi sai ta tsuke ta koma f/5.6, ke nan daidai lokacin da ka fi buƙatar haske shi kuma yake rufe maka ƙofa. Kyamara kuma in ta ga haske ya yi kaɗan kuma ka bar ta a kan oto, sai ta rage saurin shota, wato marfin da ke buɗewa ya rufe in ka danna maɓalli, ta koma wajen 1/20 ko 1/30 na daƙiƙa don ta tara haske, a cikin wannan ɗan lokacin mawaƙi ya juya kai, hannunka ya motsa, shi ke nan hoto ya tafi.

Maganin mafi sauƙi shi ne gilashin da ba ya zum, 50mm ko 35mm mai f/1.8. Kusan kowane kamfanin kyamara yana da irinsa kuma yana cikin mafi arha a jerinsu, in ba za ka iya saya ba ka ara ko ka yi haya na dare ɗaya. Tsakanin f/5.6 da f/1.8 hasken da ke shiga ya kusa ninki goma, ka ga ba ƙaramin abu ba ne, hoton da da sai 1/25 zai fito yanzu za ka ɗauke shi a 1/250. Tunda ka ce kyamarar ƙarama ce, ina zaton mai ƙaramar sensa ce, wato ɗan farantin da ke kama haske a cikinta, to a kanta 50mm zai yi maka kamar 75 ko 80, a ƙaramin ɗaki zai matse ka, sai fuska da kafaɗa kawai za ka dinga samu. Ni da 35 zan tafi. Shi kuma 18-55 ɗin kar ka bar shi a gida, ka ajiye shi a kan 18 don hoton ɗakin gaba ɗaya da 'yan kallo.

Sai ka fita daga oto ka koma M, wato inda kai ne kake saita komai da hannunka. Inda nake farawa ni, shota 1/250, ƙofar haske f/2 ko f/1.8, ISO, wato yadda kyamara take ƙara wa hasken da ta samu ƙarfi, 3200, in ɗauki ɗaya in duba in gyara. Mawaƙin da ke zaune da jita yana waƙa a hankali 1/125 ma ya ishe shi, mai tsalle-tsalle da mai ganga kuwa sai 1/500 in kana so sanda ta tsaya cak. Kuma dan Allah ka daina tsoron ISO. Sababbin shiga suna jin 3200 ko 6400 sai gabansu ya faɗi wai hoto zai yi yashi-yashi. Eh zai yi, amma yashin nan ana rage shi a kwamfuta, a takarda ma ba ya fitowa kamar yadda kake ganinsa in ka zuƙo hoton a allo, shi kuwa hoton da ya yi rawa babu manhajar da za ta dawo maka da idon mawaƙi yadda yake.

Wani abu da ke ruɗar mutane, kyamara tana auna hasken hoton gaba ɗaya, ta ga bayan dandamali baƙi ƙirin sai ta ɗauka duhu ya yi yawa ta ƙara haske, sai fuskar mawaƙin da fitila ke kai ta ƙone ta zama fara fat ba ido ba hanci. Fuska za ka auna, bayan ya yi baƙi abinsa, dama haka ɗakin yake. Fokos kuma ka sa shi a kan mai bin motsi, ka zaɓi ɗigo ɗaya ka ɗora a ido. In ka bar kyamara ta zaɓa da kanta, wallahi makirfo za ta kama, shi ne a gaba kuma yana ƙyalli, sai ka dawo gida da hotuna ɗari uku na makirfo mai kyau da wani mutum dishi-dishi a bayansa. Ya faru da ni, ba labari aka ba ni ba.

Jan fitila

Wannan shi ne abokin gabar duk mai hoton wasa, kuma ƙananan ɗakuna sun fi kowa son sa. Ga abin da ke faruwa a ciki. Sensar yawancin kyamarori an rufe ta da 'yan ƙananan matatai masu launi, rabinsu kore, kwata ja, kwata shuɗi. In hasken da ke kan mawaƙi ja ne zalla, kwatan sensar ne kawai yake aiki sosai, sauran suna zaune kusan a banza, shi ya sa fuska take fitowa kamar an shafe ta ba zane ba komai. Kuma ɓangaren jan yana cika ya tumbatsa tun hoton bai yi kama da mai haske ba a allon kyamara. Fitilun LED na yanzu sun ƙara dagula abin saboda launinsu tsantsa ne, ba kamar tsofaffin fitilu masu zafi da ake rufa wa leda mai launi ba, waɗanda ko yaya sauran launuka suna ɗan tsallakowa.

Abu na farko, ka ɗauka a RAW, wato ɗanyen fayil da kyamara ba ta sarrafa ba, ba JPEG da aka saba ba. JPEG matakin haske 256 yake riƙewa a kowane launi, RAW kuwa 4096 ne ko 16384, ya danganta da kyamarar, to ka ga wanda zai ba ka wurin gyara. Na biyu, in ja ya mamaye ka ɗan rage haske fiye da yadda idonka yake so, ka ɗago shi daga baya. Na uku kuma wanda ya fi duka, ka jira. Fitilun wasa suna zagayawa ne, sau da yawa tare da waƙar, in ka tsaya ka kalli amshi na farko ba ka ɗauka ba za ka ga inda farar fitila ko ruwan ɗorawa take faɗowa, in amshin ya dawo kana shirye. Ni har mai kula da fitilu nake nema kafin a fara, in gaishe shi in gabatar da kaina, in roƙe shi ko zai ɗan ba ni farin haske a gaba a waƙa ta biyu. Ba kullum suke yarda ba, wasu ƙungiyar ce ta ce musu duhu take so, amma sau da yawa ba wanda ya taɓa kula su ma, suna jin daɗin an san da zamansu.

In duk ya ƙi, ka mai da shi baƙi da fari, jan hoto yakan yi kyau a haka. Amma kar ka mai da duk aikin baƙi da fari ba ka tambayi edita ba, ƙila ya riga ya tsara shafi mai launi.

Akwai kuma wasu layuka-layuka da za ka iya gani a kwance cikin hoto a ƙarƙashin LED. Fitilun suna kunnuwa suna mutuwa ne da saurin da ido ba ya gani, kyamara kuwa tana gani, musamman in ka sa ta a shota marar ƙara. Ka koma shota ta ainihi mai ƙara, ko ka ɗan rage sauri, yawanci suna ɓacewa. Ba wanda zai ji ƙarar shotarka kusa da mai ganga.

Cikin ɗakin

A manyan wasanni akwai ƙa'idar da kusan ko'ina ake bi, waƙa uku na farko, ba filasha, daga nan a fitar da masu hoto daga ramin da ke tsakanin dandamali da 'yan kallo. Kuma sai da katin izini, wanda mujalla ce take nema maka a wajen manaja ko mai yi wa ƙungiyar hulɗa da 'yan jarida. A ƙananan ɗakuna sau da yawa babu ramin ma, babu mai ƙirga maka waƙa, kana cikin mutane kafaɗa da kafaɗa, kuma ni a ganina nan ne ake samun hoto. Duk da haka ka sa edita ya tura sunanka a rubuce, ka ajiye saƙon a wayarka, don mai gadin ƙofa bai san wata mujalla ba, takardar da ke hannunsa ya sani.

Kafin ranar ka saurari waƙoƙinsu har ka san inda suke tashi da inda suke sauka, ka kalli bidiyon wasanninsu a YouTube in akwai. A nan za ka gane da wane hannu mawaƙin yake riƙe makirfo, in da dama yake riƙewa ka tsaya ta ɓangaren hagunsa don hannun kar ya rufe maka baki. Za ka gane wanene mai tsalle, wanene yake tsayawa kamar an dasa shi. Wanda ya san waƙa yana danna maɓalli kafin abin ya faru, wanda bai sani ba yana dannawa bayan ya wuce, bambancin ke nan tsakanin hoton tsalle da hoton sauka.

Kar ka manta da mai ganga. Yana can baya cikin duhu da hayaƙi, kowa ya tare shi, kuma mutum biyar aka ce maka ba huɗu ba. In ka kai wa edita hoto arba'in na mai waƙa ba ko ɗaya na mai ganga, ranar da rubutun ya zo kan maganarsa za a neme ka. Ka kuma juya baya lokaci-lokaci ka ɗauki 'yan kallo, hannuwa a sama, wanda ya rufe ido yana bin waƙa, takardar jerin waƙoƙi da aka manna a ƙasa da salatif, wayoyin da suka harɗe. Irin waɗannan mai tsara shafi yake cike gurbi da su kuma yana sa maka albarka.

Maganar filasha, in an hana an hana. In ba a hana ba ka tambayi ƙungiyar tukuna, don walƙiya a ido cikin duhu tana iya rikita mai kiɗa. Akwai salon da Charles Peterson ya shahara da shi a Seattle ƙarshen shekarun 1980 lokacin da yake ɗaukar mawaƙan kamfanin Sub Pop, filasha haɗe da shota mai jinkiri da gilashi mai faɗi, filashar ta tsayar da mutum, jinkirin kuma ya bar fitilu da gashi suna jan layi. Yana kyau ƙwarai a ƙaramin ɗaki mai hargitsi, amma ka gwada shi a gida tukuna, ba ranar aikin farko ba.

Sai kunnenka. Na fi shekara ina raina wannan har sai da na kwana biyu ina jin wani siririn fito a kunnen hagu bayan na tsaya jikin sifika dare guda. Hukumar NIOSH ta Amurka, mai bincike kan lafiyar ma'aikata, ta sa iyakar ƙara a desibel 85 na awa takwas, kuma duk ƙarin desibel 3 lokacin yana raguwa da rabi, in ka lissafa a desibel 100 minti goma sha biyar ke nan, kuma gaban sifikar wasa yana kaiwa nan har ya wuce. Abin toshe kunne ya zauna a jakar kyamara tare da batir na biyu da memori na biyu. Ka sa baƙaƙen kaya, kar ka tsaya wuri ɗaya ka tare wa wanda ya sayi tikiti, kar ka ɗora jaka ko gwiwar hannu a kan dandamali.

Hoton mutum biyar

Wannan ya fi na wasan wuya, kuma shi mutane suka fi rainawa. A wasa su suke aikin kai kana kamawa, a nan kuwa kai ne za ka yi aikin, kuma yawancin makaɗa in ka raba su da kayan kiɗansu ba su san inda za su sa hannu ba. In ka ce "to ku tsaya" za su jeru a jikin bango su harɗe hannu su ɗaure fuska, hoton da kowace ƙungiya a duniya take da shi.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne tsakanin gwajin sauti da buɗe ƙofa, suna nan dukansu, ba su yi gumi ba tukuna, kuma in ka yi sa'a da sauran hasken rana. Bayan wasa kar ka sa rai, ɗaya yana loda kaya, ɗaya yana sayar da riguna, ɗaya ya ɓace. Za a ce maka kana da minti ashirin, ka ɗauka goma ne. Saboda haka ka je da awa ɗaya kafin nan ka zagaya, ka nemo wuri biyu ko uku kusa da juna, matakala, bakin ƙofar loda kaya, wani lungu da haske ke shigowa ta gefe, ka sa wani ya tsaya ka gwada saitinka a kansa. In suka fito kai ka gama tunani, sai aiki. Inuwa mai haske ko bakin ƙofa ya fi tsakiyar rana, ba wanda zai runtse ido.

Kar ka jera su a layi ɗaya. Wani ya zauna, wani ya jingina, wani ya ɗan matso gaba, kawunansu kar su zama a tsayi ɗaya. Amma ka lura, da ka sa wasu gaba wasu baya, f/1.8 ɗin da ya cece ka a wasa zai kashe ka a nan, mutum ɗaya zai fito sauran su narke. Ka koma f/5.6 ko f/8, ka ga a nan 18-55 ɗinka ma ya isa. Kuma ka ɗauka da yawa a kowace tsayuwa, mutum biyar ne, a kowane hoto sai an samu mai ƙyafta ido.

Wa za a sa a gaba, wannan siyasa ce ta cikin gida kuma ba ruwanka da ita, amma za ta shafe ka. Wata ƙungiya na taɓa ɗauka na sa mai waƙa a gaba kamar yadda aka saba, ashe mai jitar da na tura can ƙarshe shi ya kafa ƙungiyar shi yake rubuta komai, fuskarsa a duk hotunan kamar an yi masa mutuwa. Tun daga ranar nake tambayar edita a kan wa rubutun ya fi karkata, kuma ina yin tsayuwa biyu, ɗaya da mai waƙa a gaba ɗaya kowa daidai. Ka san sunayensu duka biyar kafin ka iso, "kai mai jar riga matsa" ba ya sa mutum ya saki jiki. Ka yi musu maganar wata waƙarsu da ka ji da gaske, ba yabon baka ba, suna ganewa. Kuma kar ka sauke kyamara in ka ce an gama, sau da yawa hoton yana cikin daƙiƙa biyar ɗin da suka biyo baya, lokacin da suka saki kafaɗa wani ya tsokani wani.

Wurin ma yana magana. A watan Janairu na 1979 Kevin Cummins ya ɗauki ƙungiyar Joy Division wa mujallar NME a kan wata gada a unguwar Hulme ta Manchester cikin dusar ƙanƙara, su huɗun 'yan ƙanana can nesa, gadar da farin sararin ne suka cinye hoton, kuma duk wanda ya san sautinsu ya san hoton ya yi kama da shi. Ka tambayi kanka waƙar waɗannan mutanen da wane irin wuri ta yi kama.

Tunda ka ce ƙila bango, to bango a tsaye yake, kuma sunan mujalla yana zama a sama, kanun labarai a gefe. Ka ɗauki wasu a tsaye ka bar fili sosai a saman kawunansu da ɗan wuri a gefe, kar ka cika hoton da su. Ka ɗauki wasu a kwance don shafi biyu a haɗe, amma kar fuskar kowa ta faɗo tsakiya inda ake naɗe takarda. Madaba'a tana yanke kamar milimita 3 a kowane gefe, kar ka sa kan jita ko yatsa a bakin hoto. Game da girman kyamararka kuma, shafin A4 a 300 dpi, wato ɗigo 300 a kowane inci, fiksel 2480 ne a 3508, bai kai megafiksel 9 ba, shafi biyu kuma wajen 17 da ɗoriya. Duba kyamararka ka gani, ina kyautata zaton ta wuce haka. Abu ɗaya da za ka sa a rai, launin da ke ƙyalli a allo, musamman shuɗi da shunayya na fitilun wasa, yana dusashewa in ya koma tawadar madaba'a, kar ranka ya ɓaci.

In za ka tura, kar ka tura ɗari biyar. Ashirin zuwa talatin da ka tace, kowanne da sunan wanda ke ciki daga hagu zuwa dama, da wuri da rana, da sunanka a cikin bayanan fayil ɗin. Kuma ka tura kafin lokacin da aka ce. Edita yana sake kiran wanda ya kawo mai kyau da wuri, ya manta da wanda ya kawo mafi kyau bayan an tafi madaba'a.

Kuɗi da haƙƙin hoto

Kuɗin kaɗan ne, na yarda, kuma ƙananan mujallu da yawa da gaske ba su da shi, ba wayo ba ne. Abin da zan ce ka riƙe da kyau ba kuɗin ba ne, haƙƙin mallakar hoton ne. A dokar ƙasashe da yawa wanda ya ɗauki hoto shi ke da shi, sai in ma'aikacin kamfani ne ya ɗauka a bakin aikinsa ko ya sa hannu ya sallama. Abin da kake ba mujalla izini ne na amfani, to ka rubuta shi ko da a saƙon imel ne, bugu ɗaya na mujalla, shafinta na intanet da shafukanta na sada zumunta, da sunanka a jiki, in hoton ya hau bango a ƙara wani abu. Ni ba lauya ba ne kuma doka tana bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, in takarda ta yi tsawo ka kai wa wanda aikinsa ke nan.

Don ka ga abin ba wasa ba ne, wata mai hoto, Lynn Goldsmith, ta ɗauki mawaƙi Prince hoto a 1981, a 1984 mujallar Vanity Fair ta biya dala 400 don a yi amfani da hoton sau ɗaya, Andy Warhol ya yi zane a kansa. Bayan rasuwar Prince a 2016 aka sa wani daga cikin zanen a bangon mujalla, aka biya gidauniyar Warhol, ita Goldsmith ba a ko ambaci sunanta ba. Maganar ta zama shari'a har ta kai Kotun Ƙolin Amurka, a watan Mayu na 2023 alƙalai bakwai cikin tara suka ba Goldsmith gaskiya. Hoton da aka ɗauka shekara arba'in da biyu kafin nan fa.

Wani lokacin kuma daga ɓangaren mawaƙan takardar take zuwa, a miƙo maka a bakin ƙofa a ce sa hannu kafin ka shiga, a ciki an ce hotunan sun zama nasu har abada kyauta. A 2015 jaridar Washington City Paper ta ƙi sa hannu a irin wannan takarda ta ƙungiyar Foo Fighters, wata jarida kuma a Quebec mai suna Le Soleil ta tura mai zane ya zana wasan maimakon mai hoto. Ƙaramar ƙungiya da wuya ta kawo maka wannan, abin da za ka fi gamuwa da shi shi ne "oga turo mana hotunan mana". Ni ina ba su uku ko huɗu su sa a shafukansu da sunana, bayan mujalla ta fito ba kafin nan ba, don in suka riga ta sakawa ka ɓata da edita. Amma fosta, riga, bangon faifai, wannan ciniki ne daban kuma ina faɗa musu tun ranar cikin raha. Na taɓa yin shiru saboda kunya, bayan wata shida na ga hotona a jikin rigunan da ake sayarwa a bakin ƙofar wasa, an ma yanke sunana, kuma ba ni da ko layi ɗaya a rubuce da zan nuna.

Duk abin nan da na faɗa daga ƙananan ɗakuna da matsakaita na koye shi, inda za ka iya taɓa dandamali da hannu. In wata rana aka tura ka filin wasa ko babban biki inda ake tsayar da masu hoto can wajen na'urar sauti, lissafin ya canza, a nan kam sai dogon gilashi irin 70-200 mai f/2.8 ko fiye, kuma a nan ne maganar sayen kaya za ta taso da gaske. Wannan na yanzu, ka nemo 35 ɗin, ka samu wani ƙaramin wasa cikin satin nan ka je ka ɓata hoto ɗari biyu a kan M kafin ranar, sannan ka tambayi edita girman shafinsu da ranar da zai rufe.